Ruwa Na Nan a Rijiya, Igiyar Ce Ba Ta Kai Ba

Duk wanda ya taɓa zama a shagon gyaran kwamfuta, ko da na yini ɗaya ne, ya ji wannan magana: "A ƙara mata RAM." Kwamfuta ta yi nauyi, a ƙara mata RAM. Tana tsayawa cak a tsakiyar aiki, a ƙara mata RAM. Ni ma da ita aka raine ni a sana'ar, kuma ba zan ce ƙarya ce ba, sau da yawa ita ce maganin. Na ga laftof da ke jan ƙafa, aka ɗora mata giga 4 a kan wanda take da shi, ta miƙe garau. Waɗanda suka koya mana wannan daga hannunsu suka samo shi, kuma abin da hannu ya gwada shekara da shekaru ba a raina shi.

Inda na rabu da su shi ne fahimtar da ke kwance a ƙarƙashin maganar. Mutane da dama, har da ɗaliban kimiyyar kwamfuta da suka yi nisa, suna ɗaukar ƙwaƙwalwar kwamfuta kamar ruwa a tanki: ko'ina ka ɗiba ruwa ne, abin dubawa kawai saura nawa. In dai allo ya nuna akwai giga 3 da ba a taɓa ba, to duk wanda ya nemi ɗan wuri zai samu, kuma ƙari ba ya taɓa cutarwa. Ga manhajar da kake buɗewa ka rufe, irin su Word da Chrome, kusan haka abin yake. Amma a can ƙasa, inda direban faifan ajiya, wato manhajar da ke tuƙa faifan, ke zaune, lissafin daban ne. A can kowane ɗigo na ƙwaƙwalwa yana da adireshi, kuma sau tari adireshin ya fi yawan muhimmanci.

Abin da ya fara buɗe min ido wata kwamfuta ce a wani ofis da nake kula wa da na'urori shekarun baya. Tsohuwa ce, ta hannu, Linux ke kanta, aikinta ajiye takardun ma'aikata. An ƙara mata faifai biyu ta wani ƙaramin kati mai arha da aka soka a babban allo, saboda ramukan allon sun cika. Shekara biyu tana aiki da giga 2, ko tari ba ta yi ba. Da aka sami kuɗi sai muka ɗaga ta zuwa giga 8. Ba a rufa mako ba sakatariya ta kira ni, takardar albashi ta ƙi buɗuwa. Washegari wani hoto da aka ajiye ya buɗe rabi, daga tsakiya zuwa ƙasa layuka ne masu ruwan toka. Faifan ba ya ƙara, kwamfutar ba ta zafi, babu wani saƙon kuskure.

Na kai wa maigidana, wanda a hannunsa na koyi aiki. Ya juya sandunan RAM ɗin a tafinsa, ya karanta rubutun jikinsu, ya ce, "Jabu aka sayar maka, yaro. Mayar musu da abinsu." Na ce, "Maigida, na bar manhajar gwajin RAM, Memtest86, a kansu tun magariba har asuba, bai kama kuskure ko ɗaya ba." Ya ce a dai canza. Aka canza, shi ya zaɓo da kansa. Fayiloli suka ci gaba da lalacewa. Daga ƙarshe na ba Linux wani umarni a wajen tashi, mem=3G, wato ta yi kamar giga 3 kaɗai gare ta, ta manta da sauran. Sandunan suna nan a soke, ba a kwance ko kusa ɗaya ba. Lalacewar ta tsaya. Maigidana ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Rijiya ta bayar, guga ya hana ke nan." Ya faɗi daidai tun kafin ni da shi mu gano wane ne gugan.

Bari in bi abin daga tushe. Babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura, Windows ce ko Linux ko Android, tana da wata ƙwaya a tsakiyarta da masana ke kira kanel. Ni a nan zan ce mata cibiya. Ita ke rabon ƙwaƙwalwa, ita ke magana da ƙarfe. A cikinta direbobi suke, kowace na'ura da nata. Idan manhajarka ta nemi wuri, cibiya takan ba ta adireshi, amma na aro ne. A cikin furosesa akwai wani tafinta da ke juya shi zuwa adireshin gaske a kan sandar RAM duk sanda aka taɓa shi, shafi-shafi, kowane shafi kilobayit 4 a yawancin kwamfutoci. Shi ya sa manhaja ke ganin fili shimfiɗe a haɗe, alhali shafinta na farko yana gabas, na biyu yana yamma. Wannan dabarar ce ta sa ƙwaƙwalwa ta yi kama da ruwan tanki. An yi ta ne don a sauke wa mai rubuta manhaja nauyi, kuma ta yi kyau har muka manta tana nan.

Mai kula da faifai, irin katin nan namu, ba ya bi ta wajen wannan tafinta. Idan za a karanta fayil, furosesa ba ya tsayawa yana kwasar bayanai ɗaiɗai da hannunsa, da haka yake yi da bai taɓuka komai ba. Direba ne ke ce wa na'urar: ga adireshi, ga tsawo, zuba a nan, in kin gama ki taɓa ni. Na'urar ta shiga ƙwaƙwalwa da ƙafarta ta zuba. Wannan ake kira DMA. Adireshin da za a miƙa mata kuwa dole ya zama wanda take iya rubutawa. Kowace na'ura tana da adadin gurabe da take rubuta adireshi a cikinsu. Mai gurabe 24 ba ta wuce megabayit 16. Mai 32 iyakarta giga 4. Ko ka cika allo da giga 64, duk abin da ya ɗara iyakarta, a wajenta babu shi.

Abin da ya sami katinmu ke nan, har da ƙari. Ya shaida wa direba cewa yana iya gurabe 64, direba ya gaskata shi, ya riƙa miƙa masa adireshin da ke sama da giga 4. Shi kuwa sai ya yar da lambobin farko ya riƙe na ƙarshe. Kamar ka aiki yaro da wasiƙa gida mai lamba 1025, ya goge 10, ya kai gida na 25. In ajiya za a yi, sai ya kwaso abin da ke wani wuri daban ya danna a faifai da sunan takardar albashi. In karatu ne, ya sauke bayanan a kan kayan wani. Sanda muke da giga 2, babu adireshin da ya kai inda asirinsa zai tonu. Memtest86 kuma ba zai gani ba, don ta hannun furosesa yake gwaji, furosesa kuwa lafiyarsa lau, sandunan ma haka.

Kada a ɗauka katinmu ne kaɗai. A cikin direban AHCI na Linux, wanda ke tuƙa yawancin faifan SATA, akwai wani sashe da aka rubuta takanas saboda guntun SB600 na kamfanin ATI, wanda ke iƙirarin gurabe 64 amma a kan alluna da yawa bai cika alkawari ba. Direban yakan tsare shi a 32, sai fa a kan allunan da aka gwada aka tabbatar. Irin waɗannan layuka ba a rubuta su sai wani ya sha wuya ya kai kuka.

Rigimar adireshi ta girmi yawancin masu gyara na yau. A 1981, da IBM ta fitar da kwamfutarta ta tebur, furosesanta Intel 8088 yana da wayoyin adireshi 20, wato megabayit 1. Daga ciki aka yanke kilobayit 384 na sama aka ba allon hoto da manhajar tashi da sauran na'urori, aka bar wa RAM 640. Tun ranar farko ke nan adireshi ba na RAM kaɗai ba ne, na'urori ma suna da rabonsu. A 1984 samfurin AT ya kai gurabe 24. Guntun da ke yin DMA a lokacin, Intel 8237, yana da wani sharaɗin kuma, ba ya tsallake iyakar kilobayit 64 a aiki guda. Saboda haka direban fulofi yana bukatar wuri a ƙasa da megabayit 16, wanda kuma bai hau kan iyaka ba. Har gobe Linux a kan furosesan Intel da AMD tana keɓe megabayit 16 na farko da suna ZONE_DMA, sannan daga nan zuwa giga 4 ta kira shi ZONE_DMA32. Ƙwaƙwalwa a idon cibiya unguwa-unguwa ce, kuma unguwannin ƙasa sun fi tsada, don kowa na iya zuwa can.

Wanda ya yi gyara a zamanin Windows XP da Windows 7 mai bit 32 ya san wata taƙaddama da kwastoma. Mutum ya biya kuɗin giga 4, allo ya nuna masa 3.25 ko ƙasa da haka, ya dawo yana cewa an cuce shi. Babu wanda ya cuce shi. Katin hoto, mai kula da faifai, mai kula da USB, kowannensu yana bukatar taga a cikin jerin adireshi don furosesa ya yi magana da shi, kuma a ƙasa da giga 4 aka yanka tagogin. RAM ɗin da taga ta zauna a kan adireshinsa sai a tura shi sama da giga 4. Furosesa yana iya kaiwa can tun 1995, lokacin da Pentium Pro ya zo da tsarin PAE mai gurabe 36, wanda ke kai giga 64. Amma a 2004, da Microsoft ta fitar da gyara na biyu na XP, sai ta hana Windows ɗin gida taɓa adireshin da ya haura giga 4, da gangan, saboda direbobin wasu kamfanoni suna rikicewa idan aka miƙa musu irinsa. Mark Russinovich, wanda ya san cikin Windows kamar tafin hannunsa, ya yi bayanin wannan a rubuce a 2008. A duba da kyau: kamfanin da ya ƙera manhajar ya gwammace a bar RAM ɗin da mutum ya saya da kuɗinsa yana zaune, a kan a ba direba adireshin da zai ɓata aiki. Da ƙwaƙwalwa ruwan tanki ce da wannan shawarar ba ta da ma'ana.

Idan na'ura ta faɗi gaskiya, ta ce 32 ce iyakarta, cibiya tana da mafita, sai dai da kuɗinta. Takan ware ɗan fili a unguwar ƙasa ya zama zango. Abin da ke sama za a rubuta, furosesa ya kwafo shi zango, na'ura ta ɗauka daga nan. Abin da za a karanta, na'ura ta sauke a zango, furosesa ya haura da shi. Kamar tirela da ba ta shiga lungu, sai ta sauke a bakin titi masu baro su ƙarasa. A Linux sunan zangon swiotlb, kuma in ba a canza ba girmansa megabayit 64 ne kacal. To ga inda ƙari ke juyewa ya zama nauyi. A kwamfuta mai giga 4, kaɗan ne daga shafukanta suke inda na'urar ba ta kaiwa. A mai giga 32, kusan dukkansu can suke, don haka kusan kowane karatu da rubutu sai ya yada zango, ana aiki biyu a maimakon ɗaya. In kuma lodi ya yi yawa zangon ya cika, cibiya ta rubuta a kundinta cewa swiotlb ya cika, aikin faifai ya tsaya, alhali giga 20 na nan a sake.

Nisa ke nan. Akwai kuma maganar siffa. Manomin da ya gaji kadada biyar, amma guntu a nan guntu a can, tsakanin gonakin 'yan'uwa, a takarda mai fili ne. Ranar da ya so shigo da tarakta zai san bambanci. Cibiyar Linux tana ajiye shafukan da ba kowa a kansu gungu-gungu: na shafi 1, na 2, na 4, na 8, ana ninkawa har 1024, wato megabayit 4. In an nemi 4 babu, sai a tsaga gungun 8 biyu, a ba da rabi a ajiye rabi. In aka dawo da shi kuma ɗan tagwayensa yana sake, a sake haɗe su. Dabara ce tsohuwa, Kenneth Knowlton ya wallafa bayaninta tun 1965. Tana aiki sosai, amma kwamfutar da ta yi watanni ba a kashe ba, ana karɓa ana mayarwa, sai filinta ya zama kamar waccan gonar gado. Mai Linux na iya gani da idonsa: ya buɗe /proc/buddyinfo, zai tarar da layin lambobi, na hagu dubun dubata, suna raguwa, na dama sifili, sifili, sifili. A irin wannan hali direban da ya nemi shafi 16 a jere, kilobayit 64 kawai, ana iya ce masa babu, kuma ba ƙarya aka yi masa ba.

A nan ɗalibai masu koyon rubuta direba suka fi tuntuɓe. Cibiya tana da hanyoyin nema biyu da suka yi kama. Ɗaya kmalloc, mai ba da wuri da yake a haɗe a zahiri. Ɗaya vmalloc, mai ɗinka shafuka warwatattu su zama a haɗe a idon furosesa kaɗai. Ɗalibi ya ga ta farko ta ƙi, ta biyu ta bayar, sai ya ɗauka ya tsira. Ya miƙa wa na'ura farkon wurin ya ce ta zuba kilobayit 64. Ta cika shafin farko, ta zarce cikin na maƙwabci, don ita ɗinkin ba ta gan shi ba.

Masana ba su naɗe hannu ba. Na'urorin ajiya na kirki suna karɓar jerin adireshi a maimakon guda ɗaya: zuba wannan a nan, wancan a can. Tsarin NVMe, wanda ya fito a 2011, da haka aka gina shi, shafi-shafi ake lissafa wa faifai inda zai je. A 2010 aikin Mel Gorman ya shiga Linux, na kwashe shafuka a matsa su gefe guda don a buɗe fili a jere. A 2012 injiniyoyin Samsung suka kawo CMA, wani yanki da ake keɓewa tun wajen tashi saboda na'urori irin kyamarar waya masu son babban wuri a haɗe. Duk da haka akwai shafukan da ba sa matsuwa, kamar na cibiya kanta da wanda wata na'ura ke tsakiyar zubawa a ciki, kuma guda ɗaya tal a tsakiyar fili ya isa ya raba shi biyu.

Sai maganar lokaci, wadda ita ta fi tsaya min a rai, don ita ce ta raba direban ajiya da sauran direbobi. Idan ƙwaƙwalwa ta cika, ta yaya cibiya ke samar da wuri? Takan ɗauki shafukan da ba a ajiye ba tukuna ta rubuta su a faifai, sannan ta saki wurinsu. Rubutun nan ta hannun direban faifai zai bi. Shi kuma direba, kafin ya aika umarni, yana bukatar ɗan wuri da zai tsara umarnin a ciki. A ce ya nema ta hanyar da kowa ke nema. Cibiya za ta ce masa, dakata in samar maka. Ta ina? Ta rubutu a faifai. Ta hannun wa? Ta hannun direban da ke tsaye yana jiranta. An kulle ɗaki, mabuɗi yana ciki. Kwamfuta ta sandare, fanka na juyawa, fitila na kunne, babu mai motsi, kuma abin da aka rasa bai kai kilobayit ɗaya ba.

Saboda wannan, a cikin cibiyar Linux ba a cewa "ba ni wuri" a yi shiru. Dole mai nema ya faɗi halin da yake ciki. In ya sa alamar GFP_KERNEL, yana nufin: zan iya jira, yi duk abin da za ki yi. In ya sa GFP_NOIO: zan jira, amma kada ki taɓa faifai saboda ni, don ni ne hanyar faifan. In ya sa GFP_ATOMIC: ina tsakiyar amsa kiran na'ura, ba ni da damar zama, in akwai ki ba ni, in babu ki ce babu. Wuri ɗaya ne, girma ɗaya, amma amsar takan bambanta gwargwadon wanda ya tambaya da sa'ar da ya tambaya. Wannan na ukun ana iya hana shi ko da rabin ƙwaƙwalwa cike take da abin da za a iya zubarwa, don zubarwar na son lokaci, shi kuwa ba shi da shi.

Faɗar hali kaɗai ba ta isa ba, sai da tanadi. A 2001 Ingo Molnar ya shigar da abin da ake kira mempool, ɗan rumbu da direba ke cikawa tun ana zaman lafiya, ba ya taɓa shi sai an ce masa babu. Manomi ya san wannan: komai yunwar bazara, iri ba a dafa shi. Da ɗan abin da ke rumbun umarni ɗaya zai fita, ya kammala, ya dawo da wurinsa, na biyu ya bi, a hankali ƙwaƙwalwa ta sami numfashi. A 2014 kuma sabon tsarin layin faifai na Jens Axboe, blk-mq, ya shiga Linux 3.13, wanda ke tanadar guraben umarni tun sa'ar da aka gano faifan, don kada a je nema a ranar tsanani. Ina ganin wannan a matsayin ɗaya daga cikin kyawawan tunani a duk fannin. Mutanen da suka fi kowa sanin ƙwaƙwalwa su ne suka fi kowa ƙin dogara da cewa akwai saura.

Wani zai ce to ai in RAM ya yi yawa ranar tsananin ba za ta zo ba. Tana zuwa. Cibiya ba ta barin RAM a banza, cika shi take yi da kwafin fayilolin da aka taɓa, don haka babbar kwamfuta ma kullum a kusa da baki take. Wani lokacin ma yawan ne ke ƙara tsawon jira. Linux, in ba a canza mata ba, tana barin abin da ke jiran rubutu ya kai kashi 20 cikin ɗari na ƙwaƙwalwar da ke akwai. A mai giga 16 wannan ya doshi giga 3. Kwafa babban fayil zuwa filashi mai arha ka gani: layin ya ruga da gudu ya kai ƙarshe, sannan ya tsaya minti da mintuna, don bayanan suna RAM ne a jibge, filashin na haɗiya da kaɗan-kaɗan. Mai gaggawa ya zare, ya je gida ya tarar da fayil rabi.

Hujja mafi ƙarfi da abokaina ke kawowa ita ce duk wannan labarin da ne, yanzu komai bit 64 ne, kuma na'urori ma sun sami nasu tafintan. Akwai gaskiya mai yawa a nan, ba zan tauye ta ba. Faifan NVMe yana kaiwa ko'ina. Tafintan na'urori, wanda ake kira IOMMU, Intel na ce masa VT-d, AMD na ce masa AMD-Vi, ARM na ce masa SMMU, yana iya ba na'ura mai gurabe 32 adireshin aro a ƙasa ya juya shi zuwa sama, ya ɗinka mata warwatattun shafuka, ya kuma tare ta in ta nufi inda ba a aike ta ba. A sabuwar kwamfuta mai kayan kirki mutum na iya shekara goma bai ji ɗuriyar ko ɗaya daga cikin abubuwan da na lissafa ba.

Amma rashin jinsu aikin wasu ne da suka tsaya a kansu dare da rana. Shi kansa tafintan rabon adireshi yake yi, kowane aiki sai an buɗe masa hanya an rufe, kuma wannan na cin lokaci. A kwamfutoci da yawa ma a kashe yake a saitin tashi, a wasu babu shi sam. Raspberry Pi 4, ƙaramar kwamfutar Ingila da ɗalibai ke koyon aiki da ita, a 2019 ta fito, furosesanta bit 64 ne, amma wasu na'urorin cikinta giga 1 na farko kawai suke kaiwa, kuma a guntayen farko hanyar da USB 3 ke bi ba ta wuce giga 3, ga shi a 2020 an fitar da mai giga 8. Sai da masu Linux suka sake zana iyakar ZONE_DMA saboda ita. Faifan NVMe masu arha da suka cika kasuwa, waɗanda ba su da tasu ƙwaƙwalwar, aron RAM suke yi daga kwamfuta ta wani tsari da ya zo a NVMe 1.2 a 2014, kuma direba ne zai nemo musu guntayen wuri masu siffar da suke so. A manyan cibiyoyin bayanai kuwa, inda ake ɓoye ƙwaƙwalwar kwamfutocin haya da tsarin SEV na AMD, na'ura ba ta iya karanta abin da aka ɓoye, saboda haka duk shige da fice ta swiotlb yake bi. Zangon da aka gina saboda tsofaffin katuna shi ne yau ke ɗauke da lodin sababbin injuna.

Abin da ya sa na damu har na zauna rubuta wannan shi ne mu ne muka fi zama a bakin wannan iyaka. Kwamfutocin da ke shagunanmu da ofisoshinmu da makarantunmu yawanci na hannu ne, allo na wata shekara, kati na wata, RAM na wata, ga adafta iri-iri da babu sunan kamfani a jikinsu. A irin wannan haɗin gambiza ne na'ura mai gajeriyar igiya ke haɗuwa da rijiya mai zurfi. In muka riƙe cewa yawa ne kawai abin dubawa, za mu zargi mai sayar da RAM da ha'incin da bai yi ba, mu sa kwastoma ya sayi abin da ba zai warkar da shi ba, mafi muni kuma mu mayar masa da kwamfutar da ke cin takardunsa a ɓoye. Ba na cewa a daina ƙara RAM. Ina cewa bayan an ƙara, musamman in an tsallake giga 4 a tsohon allo, a kwafa manyan fayiloli a gwada su da na asali kafin a sallami mai ita, kuma mai Linux ya buga dmesg ya karanta abin da cibiya ta rubuta kafin ya ɗauki sukuddireba. Sau da yawa ta riga ta faɗi abin da ke damunta, da sunan direban da girman abin da ya nema.

Kwamfutar ofishin nan, mun cire katin muka sa wani, na goge mem=3G, giga 8 ɗin suka hau aiki gaba ɗaya, ba a sake taɓa sandunan RAM ba. Amma duk fayil ɗin da aka ajiye a waɗancan kwanaki sai da muka bi shi ɗaya bayan ɗaya, ni da sakatariya, tana buɗewa ina duba na ajiya. Kwafin ajiyar ma ta katin ya bi, don haka wasu ba su dawo ba. Takardar albashin da hannu ta sake buga ta daga tsofaffin rasitai, ta kwana biyu a kai. Katin yana nan a durowar maigidana, ya ƙi yar da shi. Kwanakin baya na leƙa shagon, na tarar an kawo wata mai irin wannan ciwo, yaronsa ya riga ya ɗauko sabbin sanduna zai soka. Maigida ya riƙe hannunsa ya ce, "Tsaya tukuna. Rage mata zuwa biyu mu ga ko za ta daina."